Koren Dajin Sundarban A Hoto Bai Isa Shaidar Lafiyar Damisa Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina game da labarin da kuka buga kan dajin Sundarban, inda aka ce damisar dajin ta ƙaru, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna dajin yana nan kore shar. Na ji daɗin ganin labarin da Hausa, amma ina tsoron mai karatu zai ajiye jaridar da zaton komai ya daidaita, alhali da sauran rina a kaba.

Dajin Sundarban yana bakin Tekun Bengal, inda kogunan Ganga da Brahmaputra da Meghna suke juye ruwansu. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 10,000, kusan kashi 60 cikin 100 a Bangaladesh, sauran a Indiya. Itatuwansa irin na bakin teku ne, kamar waɗanda ke yankin Neja Delta, masu fito da saiwoyi daga cikin taɓo tsaye kamar turaku domin su shaƙi iska. Damisar da ake magana kuwa ita ce ta Bengal, mai ratsi-ratsi, ba mai ɗigo-ɗigo da muka sani ba, kuma tana ninƙaya daga tsibiri zuwa tsibiri.

Alƙaluman gaskiya ne. A ɓangaren Bangaladesh an ƙirga damisa 106 a 2015, sai 114 a 2018, sai 125 a 2024, kuma ma'aikatan gandun daji sun cancanci yabo. Sai dai a 2004 an taɓa cewa 440 ne, lokacin da ake ƙirge da sawun ƙafa a cikin laka. Daga baya aka koma ɗaura kyamarori a jikin itatuwa, ana gane kowace damisa da zanen jikinta, tunda babu biyu masu ratsi iri ɗaya. Wani kaso mai yawa na wannan tazara daga hanyar ƙirgen ya fito, ko da yake mafarautan sata ma sun yi tasu ɓarnar. Saboda haka duk lambar da aka ba mu, ya kamata a faɗa mana yadda aka samo ta.

Haka abin yake ga hotunan sama. Tun 1972 taurarin Landsat na Amurka suke ɗaukar hoton doron ƙasa, kuma tun 2008 kowa na iya samun hotunan kyauta. Da irin waɗannan hotuna ne aka ga yadda teku ke cin gaɓar kudu shekara bayan shekara, aka ga tsibirin Lohachara ya nutse, Ghoramara kuma ya rasa fiye da rabinsa. Wannan aiki ne mai amfani ƙwarai. Abin da hoton ba ya saurin nunawa shi ne wane itace ne ya yi koren, da kuma ɗanɗanon ruwan da ke ƙarƙashinsa. Itacen sundari, wanda ake cewa daga gare shi dajin ya samo suna, ba ya jure zartsi mai yawa. Tun da aka fara aiki da madatsar ruwa ta Farakka da ke kan kogin Ganga a Indiya a 1975, ruwan daɗin da ke gangarowa da rani ya ragu, ga teku kuma yana ƙara tumbatsa, sai gishiri ya riƙa kutsawa cikin dajin. Sundari yakan fara bushewa daga ƙoli, mutuwar tana sauka a hankali har gindi, sannan itatuwa masu jure gishiri irin su gewa da goran su maye gurbinsa. Daga sama duk kore ne, amma mai shiga da kwale-kwale ya san ba dajin da ba ne.

Ga kuma guguwa. An yi Sidr a 2007, Aila a 2009, Amphan a 2020, sai Remal a 2024, wadda ta bar gawarwakin barewa a dajin, ta kuma cika tafkunan ruwan sha da aka haƙa wa dabbobi da ruwan gishiri. Barewa ce babban abincin damisa, kuma ganye na iya sake tohowa cikin watanni, tafkin kuwa yana nan da zartsinsa. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya yi hasashen cewa idan teku ya ƙaru da santimita 28, ɓangaren Bangaladesh zai rasa kusan kashi 96 cikin 100 na wurin zaman damisa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne mutanen da ke gefen dajin. Idan gishiri ya kashe gonar shinkafa, magidanci ba shi da mafita sai ya shiga daji kamun kifi da ƙaguwa, ko ya bi masu ɗiban zuma da hayaƙi a watan Afrilu, kuma can ne yake cin karo da damisa. A ƙauyukan akwai matan da damisa ta kashe mazajensu, wasu har ana ƙyamarsu ana cewa su ne masu farar ƙafa. Babu tauraron da ke ƙirga waɗannan bayin Allah.

Roƙona, Malam Edita, idan za ku sake kawo labarin, ku sa wakilinku ya tambayi masu binciken ma'aunin gishirin kogunan dajin a watannin rani da yawan sundarin da ya rage, ya kuma nemo muryar wani mai ɗiban zuma daga can mu ji daga bakinsa.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku mai karatu,
daga Zariya