Darasin Cikin Duniya: Wa Ya Je Ya Gani?

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yara.

A wannan zangon ɗalibanmu na ajin kimiyya sun shiga darasin abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Tun ranar farko wata ɗaliba ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, wa ya je ya gani?" Tambayar ta faranta mini rai ƙwarai, domin a kanta darasin ya ginu. Babu wanda ya je. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa yana yankin Kola a Rasha. An fara shi a 1970, sai a 1989 ya kai mita 12,262. Daga doron ƙasa zuwa cibiyarta kuwa akwai kusan kilomita 6,370. Ko ɓawon duniya, wato shimfiɗarta ta sama, ba a huda ba.

Girgizar ƙasa ce ta tona asirin. Idan ƙasa ta girgiza, igiyoyin motsin sukan ratsa cikinta, kuma gudunsu kan canza gwargwadon abin da suka tarar. Mun gwada kwatankwacin haka da tankin ruwa: yara suka riƙa ƙwanƙwasa shi daga sama zuwa ƙasa, suna kasa kunne, har suka nuna daidai inda ruwan ya tsaya ba tare da an buɗe murfi ba.

Da irin wannan sauraro aka gano iyakokin shimfiɗun da ke cikin duniya. A 1909, Andrija Mohorovicic na ƙasar Kuroshiya ya lura igiyoyin sun ƙara gudu a wani zurfi. Nan ɓawon duniya ya ƙare, kuma har yau ana kiran iyakar Moho. Ɓawon siriri ne, kilomita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin teku, kimanin 35 a ƙarƙashin nahiyoyi. Daga nan sai shimfiɗa mai kauri da ake ce wa mantil, wadda ta kai zurfin kilomita 2,900, kamar yadda Beno Gutenberg na Jamus ya lissafa.

A nan nake so ku taya mu gyara wani kuskure. Yara da yawa, har da manya, sun ɗauka da an wuce ɓawo sai narkakken dutse. Ba haka ba ne. Mantil dutse ne daskararre, sai dai zafi da matsi sun sa yana motsi a hankali, 'yan santimita a shekara, kamar tsiron farce. Ruwa-ruwan yana can ƙasa, a ƙwayar duniya ta waje, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin mantil, narkakken ƙarfe ne da nikel. An san haka ne saboda akwai wani nau'in igiya da ba ya ratsa ruwa, kuma nan yake ɓacewa. Jujjuyawar wannan ƙarfe ce ke samar da maganaɗisun da ke sa allurar kamfas ta nuna arewa.

'Yan matanmu sun fi jin daɗin labarin Inge Lehmann, masaniya 'yar Denmak. A 1936 ta gano wata ƙwaya ta ciki, wadda ke farawa daga zurfin kusan kilomita 5,150. Zafinta ya haura digiri 5,000, amma tsananin matsi ya hana ta narkewa.

Mako mai zuwa kowane ɗalibi zai gina samfurin duniya da yumɓu kala huɗu, a yanka shi biyu. Muna roƙo ku bar su su yi da hannunsu. Idan sun nuna muku wata iyaka, ku tambaye su ta yaya aka gano ta.

Naku,
Malamin Kimiyya