Zuwa ga abokan cinikinmu: kafin ku ɗaga guduma a kan zoben shokar da ya kafe

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku, da fatan kuna lafiya, da iyali, da harkoki.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne shoka mai zare irin na sukuru a jiki, wadda ake kira koyiloba, irin wadda ake murɗa zobenta a ɗaga mota ko a sauke ta. Da yawanku kuna sayen ta hannu, ta Beljiyam ko ta Kwatano, ku zo gyara tsayin mota ku tarar zoben ya ƙi motsi ko kaɗan. Abin da ke ɓata mana rai shi ne yawancin irin waɗannan shokokin da suka mutu, bugu da wuta ne suka kashe su, alhali tsatsar da ta riƙe su tana da magani.

Ga yadda kafewar ke faruwa. Jikin shokar ƙarfe ne, zobban kuma galibi alminiyam. A Turai da Kanada da arewacin Amurka ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ruwan gishirin ya shige tsakanin ƙarafan biyu, alminiyam ya riƙa cinyewa. Farin garin nan da kuke gani a bakin zobe, kamar an barbaɗa kanwa, shi ne ya cika ramin zaren ya matse shi. Ta iso nan kuma ƙurar hunturu da taɓon damina su ƙara nasu.

Kafin ku taɓa komai, ku auna daga zoben zuwa gindin shoka, ku rubuta milimita nawa ne, dama da hagu. Ku ɗaga motar ku ɗora ta a kan tsayayyen abin tokara, kada ku dogara da jak kaɗai. Ku cire taya. Zoben da nauyin mota ke kansa ba ya juyawa, ko sabo ne. In har sifirin na matse bayan an ɗaga, a sa abin matse sifirin a ɗauke masa nauyin. In kafewar ta yi tsanani, ku kwance shokar gaba ɗaya ku kai ta kan benci.

A nan ake yawan yin ɓarna. Kada a matse bututun shokar a bais, wato abin matse ƙarfe na kan benci. A irin mai bututu ɗaya, fistin yana tafiya ne a jikin wannan bangon kai tsaye, lotsawa kaɗan ta isa ta hana shi wucewa, kuma ba ta gyaruwa. A kama kunnen ƙasa, inda ake ɗaure ta da mota, a sa katako tsakani. Sandar nan mai sheƙi kuwa kada filaya ta taɓa ta, domin ƙarzuwa ɗaya za ta yage roba, mai ya fara zuba.

Sai wanki. Ruwa da sabulu, sannan buroshin tagulla a bi zaren layi-layi, sama da ƙasan zoben. Inda ƙasa ta daskare a bi ta da tsinken ƙarfe. Wannan aikin ya fi komai gundura, amma rabin nasarar yana cikinsa, saboda zoben da ya motsa ya hau kan datti zai sake cijewa fiye da dā.

Bayan ya bushe a fesa man sassauta tsatsa. In babu na gwangwani mai kyau, a haɗa man giyar otomatik da asiton, ruwan da ake goge jan farce da shi, rabi da rabi, a girgiza kafin kowace zuba domin suna rabuwa. Asiton yana cin fenti da roba, kuma yana kama wuta, a kula. A tsayar da shokar yadda man zai gangara cikin zaren, a sake zubawa safe da yamma, a ba shi awa 24, mai taurin kai 48. Tsakanin zubi da zubi a ɗan ƙwanƙwasa zoben zagaye da gudumar roba, girgizar ce ke fasa farin garin man ya samu hanya.

Ku duba wane irin zobe ne. Wasu, kamar na KW, zobe ɗaya ne da ɗan ƙaramin sukuru a gefe. In ba a sassauta shi ba, duk ƙarfin da aka sa zaren zai ci. Wasu zobe biyu ne da aka ƙulle da juna. Waɗannan sifana biyu suke so, irin mai ƙugiya daidai girman zoben: ɗaya ta riƙe na sama, ɗaya ta juya na ƙasa ya rabu da shi. Sukundireba da guduma suna cinye haƙoran zoben, daga nan ko sifanar kirki ba ta da wurin kamawa. Da zarar ya motsa, kada murna ta sa a zarce. Kwata gaba, kwata baya, a ƙara mai, a goge baƙin da ya fito.

In ya ƙi, sai zafi, amma na injin hura iska mai zafi, bayan an goge man sarai ya bushe. Alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka zoben kaɗai ake zagayawa da zafin, har ɗigon ruwa ya yi cuu a kansa, a gwada sifana nan take. Wutar walda kuwa, don Allah a nisanta ta. Akwai mai da iskar naitirojin a matse cikin shokar. Mafi sauƙin asara robobi su ƙone, mafi muni ta fashe a fuskar mai aiki.

Zoben da ya ƙi duk wannan, a haƙura da shi a ceci jikin. A tsaga shi wuri biyu masu fuskantar juna da zarton ƙarfe, a tsaya kafin a kai zaren, a buɗe tsagar da cizal. Amma ku fara samun madadinsa, domin faɗin jiki da tazarar zare sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Ɗan maɓallin saita tauri da laushi da ke saman sanda abu ne daban. Siririyar allura yake turawa a ciki, aikin yatsa ne. Ɗigon mai, a jira, a gwada gaba da baya. In ya ƙi, ku kawo mana kafin ya karye.

Wajen mayarwa, a shafa giris ɗin hana kafewa siriri, mai alminiyam ko nikel. Giris mai jan ƙarfe a ciki ba ya jituwa da zoben alminiyam. A goge wanda ya yi saura a fili, in ba haka ba ƙura ta manne ya zama kamar sanfefa. A mayar da zobba kan awon da aka rubuta, a ƙulle, a kai mota alaimen, wato daidaita ƙafafu, in an canza tsayi. Farkon damina da ƙarshenta a wanke zaren, a juya zoben sau biyu ko uku a mayar da shi wurinsa.

Wanda zai kawo mana tasa, ya zo da dama da hagu tare, da sifanarta in tana nan, ya kuma sa ran barin ta kwana biyu.

Mun gode, Allah ya tsare hanya.

Naku,
Ma'aikatan sashen gyaran shoka