Gaisuwar Babbar Sallah daga Yashio

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan layya ta karɓu kuma kowa yana lafiya. Mu nan mun riga ku ganin gari da awa 8, saboda haka lokacin da muka sauko daga idi ku kuna tsakiyar barci, shi ya sa ban buga waya ba.

Auta ya dame ni in turo masa hoton "gidanku na Tokyo". To a gaya masa yayansa ba a Tokyo yake kwana ba. Garinmu Yashio yana jihar Saitama, a gefen birnin, kuma irinsa Japanawa ke kira garin kwana. Tun da sassafe mutane ke cika jirgin ƙasa su nufi birni aiki, ba su dawowa sai dare ya yi, su ci abinci su kwanta. Layin da ya ratsa ta nan, Tsukuba Express, a 2005 aka buɗe shi, kuma ko rabin awa ba a yi an kai Akihabara da ke tsakiyar Tokyo. Da rana in ka leƙa unguwa ba ka ganin kowa sai tsofaffi da masu kai saƙo. Ko kukan akuya babu, Inna.

Sallah ba ranar hutu ba ce a nan, sai da na roƙi maigidana tun makon jiya. Masallacinmu 'yan Pakistan ne suka fi yawa a ciki, galibinsu dillalan motocin hannu kamar inda nake aiki, kuma saboda ƙarancin wuri sai da aka yi sallar kashi-kashi. Bayan an idar aka raba shinkafarsu mai yaji. Ba laifi, amma ina ita ina waina da miyan taushe? Yanka kuwa doka ba ta yarda a yi shi a gida ba, sai a mayanka mai izini, don haka ban ji ƙamshin babbaka ko sau ɗaya ba.

Da na ga zaman ɗaki zai sa ni tunani, sai na ɗauki katin jirgina na fita yawon Sallah ni kaɗai. Ban shiga birni ba. A Minami-Nagareyama na sauya zuwa layin Musashino, wanda ke zagaya bayan gari yana haɗa waɗannan garuruwa. Asalinsa don jiragen kaya aka shimfiɗa shi, har yau ma suna wucewa. Ta taga kana ganin gidaje ƙanana a jere, kowanne da 'yar motarsa a matse a bakin ƙofa, sai kwatsam ga fadamar shinkafa da aka gama dashe, ruwa kwance a ciki, sai kuma gidaje su ci gaba.

A Shin-Misato na sauka, kuma nan ne na daɗe. Akwai wata babbar unguwa ta gidajen bene, irin waɗanda suke kira danchi, da aka gina a farkon shekarun 1970 lokacin da mutanen karkara ke kwararowa Tokyo neman aiki. Benaye ne iri ɗaya sak, kowanne da lambarsa a jikin bango, wasu hawa biyar ba lif. Matasan da suka tare a lokacin su ne tsofaffin yau, 'ya'yansu sun watse. Na zauna a kan benci kusa da filin wasan yara, lilo na nan a tsaye ba mai hawa. Wata tsohuwa ta iso tana tura 'yar kekenta ta cefane, ta tsaya a gindin matakala tana hutawa. Na miƙe na karɓar mata ledar, ta yi ta sunkuyawa tana godiya har na ji nauyi. A hawa na huɗu take. Ta dubi babbar rigata da hula, ta tambaya ko biki ake yi. Da guntun Japancina na ce eh, yau babbar rana ce a wurinmu. Ta shiga ciki ta fito da lemo biyu ta danƙa mini. Na lura takalmin mutum ɗaya ne kacal a bakin ƙofarta.

Inna, ke na tuna a lokacin, da yadda kike faɗan cewa jikoki sun hana ki sakat. Yau dai na san tsakar gidanmu ba masaka tsinke, a bar su su yi ta ɓarna.

Daga nan na ƙarasa Koshigaya Laketown, inda aka buɗe wani katafaren rukunin kantuna a 2008. Kantunan ba su dame ni ba, ƙafa kawai suka gajiyar. Tafkin da ke gefe ne ya burge ni, domin haƙa shi aka yi musamman ya riƙa shanye ruwan kogi in an yi ambaliya, tunda yankin duk kwari ne. Baba, da kun gani da kun yi maganar kwatar unguwarmu da damina.

Ina hanyar komawa lasifikar gari ta saki ɗan kiɗan da take yi kullum da yamma, alamar yara su koma gida. Farkon zuwana har zabura nake yi, ina zaton kiran salla ne.

Kuɗin da na turo ta hannun Yaya, a fitar wa Gwaggo nata, sauran a yi wa yara goron Sallah. Don Allah kada a ba kowa soyayyen nama ya kawo mini, a filin jirgi za a ƙwace, har da tara. A cinye rabona. Auta kuma ya ɗauko mini bidiyon hawa, ya riƙe wayar da kyau, ba irin na bara da ƙafafun dawakai kawai na gani ba.

A gaida Kawu da mutanen gidansa, da Malam Liman. A sa ni a addu'a.

Ɗanku,
daga Yashio