Kujera daban, ofis daban

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in ja hankalin masu fassara mana labarai kan kalmar kujera, domin ana yawan cakuɗa ta da ofis.

Asalinta abin zama ce, tun daga 'yar guntuwar ta katako da ake tsugunawa a kai a bakin murhu har zuwa kushin ɗin falo. Daga nan ta zama sunan matsayin da ake takara a kansa, wanda mutum ɗaya ne zai zauna: kujerar gwamna, kujerar kansila. Majalisar Dattawan Najeriya kujeru 109 gare ta, ta Wakilai 360. Kalmomin da ke raka ta ma na zama ne, a hau, a ɗare, a sauka. Ofis kuwa ɗaki ne mai ƙofa da tebur da durowa. In aka rubuta "gwamna ya shiga ofis ranar 29 ga Mayu", sai ka ɗauka makulli ya sa ya buɗe ɗaki, alhali nufin shi ne ya hau kujerar mulki ko ya kama aiki. Wanda aka naɗa, irin su kwamishina, muƙami ya fi dacewa da shi. Sarki kuma karaga yake hawa, ko gadon sarauta.

Inda kuskuren ya fi muni shi ne labaran Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Kujeru 15 ne, biyar na dindindin a hannun Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin, goma kuma zaɓe ake yi na shekara biyu. Kujerar dindindin zama ne, hawa kujerar naƙi kuwa aiki ne: ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, ƙuduri ya mutu ko da sauran 14 sun yarda. Idan ta ƙaurace wa ƙuri'a kawai, ba ta hau ba, kuma ƙuduri na iya wucewa da ƙuri'a tara. A hira, ko yaron da ya ƙi aike sai a ce ya hau kujerar naƙi, wannan ba laifi. Amma a labarin kwamitin, kada a ɗora wa zaɓaɓɓiyar ƙasa ikon da ba ta da shi.

Sai kujerar Makka. Gurbin aikin Hajji ake nufi gaba ɗayansa, har da masauki, ba mazaunin cikin jirgi kaɗai ba.

Wassalam,
Wani malamin Hausa