Zuwa ga aminina, kafin tsuntsayen su wuce

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mun kwana biyu ba mu ji juna ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kaka ta shigo, tsuntsaye sun fara ƙaura, kuma ba na son ta wuce ka bana.

Ka fara da manyan, sun fi sauƙin gani. Shamuwa da shaho da gaggafa ba sa wahalar da fikafikansu. Sai hantsi ya yi, ƙasa ta ɗau zafi, su hau iskar da ke tashi sama suna kewayawa, sannan su sulale kudu. Teku ba ya ba da irin wannan iska, shi ya sa masu barin Turai suke cunkushewa a mashigin Jibralta da ke tsakanin Sifen da Maroko, inda faɗin ruwan bai wuce kilomita 14 ba, ko a mashigin Bosforus na ƙasar Turkiyya. A Batumi ta ƙasar Jojiya, masu ƙirga kan lissafa tsuntsaye masu farauta fiye da miliyan ɗaya a kaka guda.

Ni dai ƙananan ne suka fi kama mini zuciya. Tsattsewa, nauyinta giram 20 ne ko kusa da haka, amma tana ƙetare Bahar Rum da Sahara. Ita da rana take tafiya. Yawancin ƙananan kuwa matafiyan dare ne, suna bin taurari da maganaɗisun ƙasa, bayan sun tara kitsen da wasunsu har ya kusa ninka nauyinsu. Idan wata ya cika, ka saita madubin hangen nesa a kansa, ka yi haƙuri, za ka ga inuwarsu tana giftawa. Fitilun manyan birane na ruɗa su, su yi ta karo da gilashin gine-gine, abin da ke ɓata mini rai ƙwarai, alhali kashe fitilar da ba a buƙata ba wuya ba ce.

Ka san mutanen Turai sun daɗe suna gardamar inda tsuntsayensu ke ɓacewa? A 1822 aka samu wata farar shamuwa a Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta dawo da shi tun daga can.

Ka fita da asuba, ka nufi bakin ruwa ko wurin da bishiyoyi suka yi duhu, rana tana bayanka. Wanda ka gani yana kiwo ba ya ko ɗaga kai, daren jiya ya sauka a gajiye. Don Allah kada ka matsa masa don hoto, duk tashin da ya yi a firgice daga guzurinsa ne. Ka riƙe ɗan littafi, ka rubuta rana da launi da kuka da yadda iska take.

Ka aiko mini da abin da ka gani, ko da ba ka san sunansa ba, mu nemo tare. Ka gaishe da mutanen gida.

Naka,
Amininka