Kafin a nemi libarba mai laushin kunama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana a kan zancen da ya cika majalisun Sakkwato tun da 'yan bindiga suka matsa wa Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo. Za ka ji ana cewa magidanci ya nemi libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai gidan harsashi mai juyawa, ya ajiye, kuma ya zaɓi mai laushin kunama don ko uwargida ta iya dannawa. Tsoron da ya haifar da shawarar nan na gaske ne, amma shawarar tana da haɗari ta fuska biyu.

Ta fuskar doka, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol a jerin makaman da aka haramta, tare da bindigogin soja. Lasisinsu sai daga Shugaban Ƙasa. Abin da Sufeto Janar na 'yan sanda ke da ikon ba da lasisi a kai shi ne irin bindigar farauta, bindigar toka kuma tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ko wannan ma, a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Wanda aka kama da libarba ba izini yana fuskantar ɗaurin shekara 10, kuma cewa don kare iyali ya saya ba zai wanke shi a kotu ba.

Maganar kunama ita na fi so in tsaya a kai, domin ta shafi jami'an da doka ta ba su damar riƙe makami, ta kuma shafi duk mai sauraron hirar majalisa. Libarba hawa biyu gare ta. Idan aka ja kunama kai tsaye, yatsa ne ke yin aiki uku: ya juya gidan harsashi, ya ɗaga gudumar baya, wato ƙarfen da ke bugun gindin harsashi, sannan ya sake ta. Wannan jan yakan kai nauyin kilo 4.5 zuwa 5.5. Idan kuwa aka riga aka ɗana gudumar da babban yatsa, abin da ya rage bai fi kilo 1.5 zuwa 2 ba, kuma tafiyar kunamar 'yar kaɗan ce. Yawancin libarba ba su da maɓallin kulle, don haka wannan taurin na jan farko shi ne makullinta. Mutumin da ya farka cikin dare a firgice, hannunsa na rawa, gudumar a ɗane, tuntuɓe ko ƙarar ƙofa kaɗai na iya sa ya saki harsashi, alhali mai tahowa a zaure ɗansa ne.

Da yawa suna zaton ƙaramar libarba ta fi sauƙin ja. Sau da yawa akasin haka ne. Gudumarta ba ta da nauyi, sai an sa mata sifirin mai ƙarfi kafin ta fasa gindin harsashi, mariƙinta gajere ne, tana kuma girgiza hannu fiye da babba. Abin dubawa shi ne santsin jan daga farko har ƙarshe ba tare da cijewa ba, da kuma ko yatsa na kaiwa kunama daidai gaɓar farko ba tare da an murɗe riƙo ba. Idan bakin bindiga na karkata gefe lokacin ja, mariƙin bai dace da hannun ba, ko kuma horo ya yi ƙaranci.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kai wa maƙeri ya yanke sifirin ko ya goge haƙoran ciki da zarto don ta yi laushi. Sifirin da aka rage ba ya bugun harsashi da ƙarfi, sai ta ƙi tashi. Haƙorin da aka goge kuma yakan sa guduma ta kuɓuce da kanta. Ƙirar gida ta fi muni: idan ramin harsashi bai daidaita da bututu ba, dalma na fantsama gefe, wani lokaci ƙarfen ya tarwatse a hannu. Ga ƙurar hunturu da ke haɗuwa da mai ta zama laka a ciki, shi ya sa ɗigo ɗaya ko biyu na man shafa wa bindiga ya isa. Harsashin da ya ƙi tashi ba a leƙa shi. A riƙe bakin bindiga wajen da babu kowa na daƙiƙa 30 kafin a buɗe.

Roƙona ga rundunar 'yan sandan jiha shi ne ta fito a Rima Rediyo da harshen Hausa ta fayyace wace bindiga doka ta yarda da ita, wane ne ke ba da lasisi, da kuma inda wanda ya riga ya mallaki haramtacciya zai miƙa ta. Limamai da masu unguwanni su taimaka wajen isar da saƙon har ƙauyukan da abin ya fi shafa.

Wassalam,
Mai karatunku daga Sakkwato