A Tambayi Mai Sanya Tabaran Kafin A Zana Masa Wurin Hutawa

Malam Edita,

Ina neman ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci a kan manhajojin kwantar da hankali da ake yi wa tabaran VR, wato na'urar nan da ake ɗaurawa a fuska, mutum ya ga kansa a bakin teku ko a tsakiyar daji alhali yana zaune a ɗakinsa.

Amfanin fasahar ba abin musu ba ne. A Jami'ar Washington, Hunter Hoffman da David Patterson sun samar da manhajar VR mai suna SnowWorld, inda masu fama da ƙuna suke wasan jifa da curin ƙanƙara yayin da ake wanke musu rauni, kuma an ga raɗaɗin yana raguwa. A watan Nuwamban 2021 ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da manhajar EaseVRx domin masu daɗaɗɗen ciwon baya.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu zanen suke yanke wa jama'a hukuncin abin da zai sanyaya musu rai ba tare da sun tambaye su ba. Igiyar ruwan da take sa wani gyangyaɗi, ita ce take tayar da hankalin wanda ya taɓa kusan nitsewa, kuma sautin da mai zane yake ji da daɗi yana iya zama hayaniya a kunnen wani. Mafi muni shi ne hoton da yake tafiya da mutum ba da izininsa ba: ido yana shaida cewa ana tafiya, kunnen ciki kuwa, wanda shi ke kula da daidaiton jiki, yana shaida cewa a zaune ake, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Wanda ya shiga neman hutu ya fito yana dafe kai, ai an yi ba a yi ba.

Na'urar kanta ma tana da nata nauyin. Alal misali, na'urar Meta Quest 3 tana da nauyin giram 515, mafi yawansa a kan goshi da kumatu, kuma idan tazarar gilasanta ba ta dace da tazarar idanun mutum ba, idanun kan gaji da wuri.

Saboda haka ina kira ga masu wannan aiki da su zaunar da tsofaffi, da masu sanya gilashin magani, da waɗanda ba su taɓa riƙe irin wannan na'ura ba, su gwada tun zanen yana ɗanye, su kuma bar wa mutum ikon zaɓar wurin, da rage haske da sauti, da ficewa da dannawa ɗaya duk lokacin da ya ga dama.

Na gode.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku